Bin sawun Odin da Tor: daga Kano zuwa Denmak, Suwidin da Aisland

Ƙasashe uku ne suka riƙe mafi yawan abin da ya rage na allolin da mutanen arewacin Turai suka bauta wa kafin Kiristanci ya iso musu: Denmak, Suwidin da Aisland. Biza ɗaya ce ke shigar da mutum dukkansu, ta Shengen, domin Aisland tana cikin tsarin duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ƙa'ida ita ce a nemi ta ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, don haka ta Suwidin na nema. Kuɗinta Yuro 90, ban da ladan cibiyar karɓar takardu a Abuja. Suna son bayanin asusun banki, shaidar masaukin kowane dare, tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya mai ɗaukar Yuro 30,000. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne jadawalin tafiya ya ce za a kwana a wani gari, takardar otal kuma ta nuna wani garin daban. Watan Satumba na zaɓa: sanyi bai kankama ba, dare da rana sun kusa daidaita, lokutan salla ba su rikice ba. A tsakiyar bazarar Aisland duhu ba ya shiga sosai, neman lokacin isha'i da asuba sai da fatawa.

Daga Kano zuwa Abuja a mota, daga Abuja zuwa Istanbul, daga nan zuwa Kofenhagen. Jami'in shige da fice ya tambayi dalilin zuwa, ya duba tikitin komawa da takardar otal, ya buga hatimi. A riƙe waɗannan takardu a buge a hannu, kada a dogara da waya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni tsakiyar gari cikin kamar minti 15, a kan kimanin kurona 30. Kowace ƙasa a cikin ukun tana da kuronarta, kuma ba a karɓar ta wata a wata. Yuro ɗaya ya kai kurona bakwai da rabi ta Denmak, kimanin 11 ta Suwidin, ta Aisland kuwa kusan 150. Tsabar kuɗi ba ta da wani amfani, musamman a Suwidin inda shaguna da yawa suka manna sanarwar cewa kati kaɗai suke karɓa. Sai da katin asusun dala wanda aka gwada shi tun daga gida. Gado a ɗakin haɗaka ya ci kimanin kurona 300 a dare. Abincin halal a unguwar Nørrebro yake a wadace, wurin Larabawa da Turkawa da Somaliyawa.

Gidan tarihi na ƙasa yana tsakiyar gari, a wata tsohuwar fada, shiga ta haura kurona 100. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantar kayan. Wanda ya je yana tsammanin manyan gumaka ba zai same su ba: na itace ne, sun ruɓe ko an ƙone su. Abin da ƙasa ta adana shi ne abin da mutane suka rataya a wuya. Guduma ce ƙarama, ta azurfa ko ta baƙin ƙarfe, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, da kafar zura zare. Gudumar Tor ke nan, abin bautarsu na tsawa, ana kiranta Mjölnir, kuma an tsinci kusan dubu irinta daga Ingila har Rasha. An daɗe ana gardama ko guduma ce ko wata alama daban, sai a 2014 aka tsinci ɗaya a Købelev, a tsibirin Lolland, da rubutun da ke cewa guduma ce. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne wani dutsen zubi na ƙarni na 10 daga Trendgården, wanda maƙeri ya sassaƙa wa gurbi uku: gicciye biyu da guduma ɗaya. Maƙera ɗaya, narkakkiyar azurfa ɗaya, masu saye iri biyu. A wannan dutse ana ganin shekarun da addinan biyu suka zauna a kasuwa ɗaya.

A nan kuma akwai zoben wuya na zinariya mai nauyin kilo 1.8 da aka tono a 1977 a bakin tafkin Tissø, wato tafkin Tyr. An yi ɗaruruwan shekaru ana jefa takubba da masu a ruwan. Tyr shi ne mai hannu ɗaya a cikin allolinsu. Alloli sun so su ɗaure wani kyarkeci mai suna Fenrir, ɗan Loki mayaudarin cikinsu, ya tsinke sarƙa biyu, sai aka kawo wata igiya siririya mai laushi da wadanni suka saƙa. Kyarkecin ya ga alamar yaudara, ya ce ba zai yarda ba sai wani ya sa hannu a bakinsa jingina. Tyr ne kaɗai ya miƙa na dama. Igiya ta kama, hannu ya tafi. Garuruwa masu sunansa kusan duk a Denmak suke. A Suwidin da Aisland da wuya a ji shi, alamar cewa ba ko'ina ake bauta wa dukkan allolin da littafi ya jera ba.

Kafin barin birnin na taka zuwa bakin teku inda aka kafa mutum-mutumin Gefjon a 1908: mace da bulala tana kora bijimai huɗu da garma, ruwa na feshi daga hancinsu. A tatsuniyarsu, Sarkin Suwidin ne ya yi wa wannan allahiya alkawarin duk ƙasar da ta iya nomewa a yini da dare, sai ta mai da 'ya'yanta huɗu shanu, ta yanko tsibirin da Kofenhagen ke zaune a kai.

Jirgin ƙasa zuwa yamma ya ratsa ta Odense, garin da sunansa ke nufin wurin bautar Odin, na sauya a Vejle zuwa Jelling. Ƙauye ne shiru, da tuddai biyu, coci a tsakaninsu, da duwatsu biyu cikin akwatunan gilashi. Babban dutsen Sarki Harald ne ya sa aka sassaƙa wajen 965, yana shelar cewa ya mallaki Denmak da Norwe kuma ya mai da mutanen Denmak Kirista. Wannan Harald ɗin ne aka ɗauki laƙabinsa aka sa wa Bluetooth na wayoyinmu. 'Yan kilomita kaɗan daga nan, a Vindelev, wani mai na'urar neman ƙarfe ya tono zinariya kusan kilo ɗaya a ƙarshen 2020. A 2023 masana suka karanta rubutun da ke jikin ɗaya daga cikin faifan: mutumin Odin ne. Na ƙarni na 5 ne, kuma shi ne ambaton Odin mafi tsufa da aka sani. A lura da inda sunan ya fito: a jikin zinariyar wani babba. Wannan ita ce ɗabi'ar Odin duk inda na bi sawunsa. Na sarakuna ne da mayaƙa da mawaƙan fada. Shi ne ya ba da ido ɗaya don ya sha daga rijiyar hikima, ya rataye kansa dare tara a bishiya da mashi a jikinsa don ya samo sirrin rubutu. Hankakinsa biyu, Hugin da Munin, suna zaga duniya su kawo masa labari. Kuma ba amintacce ba ne: tsofaffin waƙoƙinsu da kansu suna zarginsa da ba rago nasara, da kashe gwarzon da ya so don ya tara shi a zaurensa, Valhalla, mai ƙofa 540. Manomi ba shi da abin da zai nema a wurin irin wannan.

Daga Vejle zuwa Aarhus ƙasa da awa ɗaya ne, sai bas mai lamba 18 zuwa gidan tarihi na Moesgaard. Dutse ɗaya ya kai ni: na Snaptun, wanda aka tsinta a bakin teku a 1950. Dutsen maƙera ne na wajen shekarar 1000, da rami a jikinsa inda bakin zuga-zugi ke shiga don kada wuta ta cinye shi. An zana masa fuska mai murɗaɗɗen gashin baki, leɓɓanta a ɗinke. Loki ne. Ya yi caca da kansa da wani wada maƙeri mai suna Brokk cewa ɗan'uwan Brokk ɗin ba zai iya ƙera abin da ya kai na wasu maƙeran ba. Da ya ga zai faɗi, ƙuda ya zo yana cizon mai zuga, ana ɗauka Loki ne ya rikiɗa. A karo na uku ya cije shi a fatar ido, jini ya rufe masa gani, ya saki zuga-zugi na ɗan lokaci ya kore shi. Iska ta yanke, shi ya sa ƙotar gudumar Tor ta fito gajera. Duk da haka alloli suka yanke cewa gudumar ta fi komai. Loki ya ce kai ya sa a caca, ban da wuya, sai Brokk ya ɗauko basilla da igiyar fata ya ɗinke masa baki. Babu wata shaida cewa an taɓa bauta wa Loki, ba shi da wurin yanka, ba gari mai sunansa. A tatsuniya yake raye, kuma maƙerin da ya sa fuskarsa a bakin wuta ya san tatsuniyar shekara 200 kafin a rubuta ta.

Na koma Kofenhagen na hau jirgin Stokholm. Da ƙetare gadar Öresund, a tashar Hyllie, 'yan sandan Suwidin suka shigo suna duba fasfo. Ba kullum suke yi ba, amma fasfo ya kasance a aljihu, kada ya kasance a ƙasan jaka. Tafiyar awa biyar da ɗoriya ce cikin dazukan da ba sa ƙarewa. Tikitin ya fi araha nesa ba kusa ba idan an saya makonni kafin ranar. A kanti a kiyayi kalmar fläsk da gris a jikin kwali, naman alade ne, kuma yana shiga har cikin ƙwallon naman da suka shahara da shi. Kifi da dankali da burodin hatsi sun ishe ni. A babban masallacin Södermalm, wanda tsohuwar tashar lantarki ce, na haɗu da wani dattijo Bahaushen zangon Kumasi. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya ce, "Malam, ai ko a nan ɗin yaransu sun fi sanin Tor na fim." Na ce, "Baba, shi ya sa na zo in ga na ƙasa." Shi ya nuna mini layin jirgin da ke zuwa gidan tarihi na Historiska.

A can na ga Frey. Ɗan gunki ne na tagulla da aka tsinta a Rällinge a 1904, tsawonsa kimanin santimita 7, zaune ya harɗe ƙafafu, da hula mai tsini, hannu ɗaya riƙe da gemu, al'aurarsa a bayyane, alamar haihuwa da yabanya. Frey da 'yar'uwarsa Freya da ubansu Njord dangi ne daban da na Odin. Su ne Vanir, na Odin kuwa Aesir. Sun yi yaƙi, suka yi sulhu, suka yi musayar mutane jingina. Ruwan sama da hasken rana da zaman lafiya na Frey ne, teku da dukiyar jirage na Njord. Frey ya ba da takobinsa don ya auri Gerd, 'yar ƙattai, don haka ranar yaƙin ƙarshe zai tsaya ba makamin kirki ya faɗi. Akwai kuma wata 'yar layar azurfa daga Aska, mace da babbar sarƙa a wuya, wadda da yawa ke ɗauka Freya ce. Kuskure ne a taƙaita Freya ga soyayya kawai: rabin waɗanda suka mutu a fagen fama nata ne, rabi na Odin, kuma ita ta koya wa Aesir tsafin da ake kira seid. Kada a haɗa ta da Frigg matar Odin, uwar Baldur. A wani zaure kuma ga dutsen Tjängvide daga tsibirin Gotland, mahayi a kan doki mai ƙafa takwas, mace tana tarbarsa da ƙahon sha. Sleipnir ne, dokin Odin. Mahayin ko Odin ne ko mamacin da aka aiko a ɗauko.

Abin da zai tsayar da Musulmi a gidan nan shi ne tulin dirhami da rubutun Larabci, kalmar shahada a jiki. Dubbai ne. A Spillings kaɗai, a Gotland, an tono azurfa kilo 67 a 1999, da tsabar kuɗi sama da 14,000, mafi yawansu na ƙasashen Musulmi. Fataken arewa sun bi kogunan Rasha da fatu da bayi, suka dawo da azurfa. A wannan hanya ce Ahmad bin Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya gamu da su a bakin kogin Volga a 922. Shi ya ga ibadar da idonsa. Ya ce ɗan kasuwa yakan je gaban wani dogon itace mai fuskar mutum, kewaye da ƙananan gumaka, da burodi da nama da albasa da madara da giya, ya lissafa hajarsa, ya roƙi mai saye mai dinari da dirhami da yawa wanda ba zai yi ja-in-ja ba. In ciniki ya faɗa sai ya yanka tumaki ko shanu, ya rataye kawunan. Bai ambaci sunan gunkin ba, amma shaidarsa tana da daraja domin ta mai gani ce, kuma irinta ba ta da yawa.

Uppsala minti 40 ce daga Stokholm. Daga tsakiyar gari bas mai lamba 2 ya kai ni Gamla Uppsala, tsohuwar Uppsala, kilomita biyar a arewa. Fili ne buɗaɗɗe, iska na kaɗawa, da manyan tuddai uku a jere, coci na dutse a gefe. Ba a biyan kuɗin shiga filin, sai ƙaramin gidan tarihin da ke bakinsa. Mutanen baya sun raɗa wa tuddan sunan Odin da Frey da Tor, amma da aka haƙa na gabas a 1846 da na yamma a 1874, ƙonannun ƙasusuwan mutane aka samu da gutsattsarin zinariya: kaburburan gidan sarauta ne na ƙarni na 6 zuwa na 7. Wurin cin abincin da ke kusa yana sayar da abin shan zuma a ƙaho. Giya ce, a sani.

Sunan wurin ya fito ne daga Adam na Bremen, malamin coci Bajamushe da ya yi rubutu wajen 1075. Ya ce akwai ɗakin bauta da aka lulluɓe da zinariya, da gumaka uku: Tor a tsakiya domin shi ne mafi ƙarfi, Odin da Frey a gefensa. In annoba ko yunwa ta zo, Tor ake yi wa yanka; in yaƙi ne, Odin; in aure ne, Frey. Duk shekara tara ana babban taro, a yanka tara-tara na kowane namiji, har da mutum, a rataye su a kurmin da ke gefe, wani Kirista ya gaya masa ya ƙirga gawa 72. Sai dai Adam bai taɓa taka wurin ba, ji ya yi, kuma yana da dalilin munana abin. A 1926 an ga ramukan ginshiƙai a ƙarƙashin cocin aka ce ɗakin ne, daga baya bincike ya nuna ramukan ba na gini ɗaya ba ne. Abin da aka tabbatar shi ne harsashin manyan zauruka na sarauta a kan tudun da ke bayan cocin, da layin ginshiƙan itace mai kusan kilomita ɗaya da aka gano a 2013 wajen aikin layin dogo. Duk da haka abu ɗaya a maganar Adam ya dace da abin da ƙasa ta nuna: Tor ne a tsakiya.

A kan hanyar da ta zaga tuddan, Dala ce ta zo mini a rai. Mu ma muna da dutsen da aka ce Barbushe ya zauna a kai, da Tsumburbura a cikin bishiyar da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi, jama'a na taruwa a gindin dutse da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙin bunsuru, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Daga ina muka san wannan? Daga Tarihin Kano, wanda Musulmi suka rubuta da Larabci ɗaruruwan shekaru bayan abin ya wuce. Masu bautar ba su bar mana bayanin kansu da alƙalaminsu ba. Haka mutanen Uppsala: suna da haruffansu, amma a dutse da itace suke sassaƙa gajerun kalmomi, ba su rubuta littafin addini ba. Bambancin da ya dame ni shi ne na kulawa. Su sun auna kowane rami, sun ƙirga kowace ƙusa, sun ware abin da aka tabbatar daga abin da aka ji, ba tare da sun koma bautar ba. Dala kuwa gidaje sun matse ta, kuma ƙasar da ke gindinta, inda aka san an narka tama tun ƙarni na 7, tana da sauran labarin da ba a tono ba. Sanin abin da kakanni suka bari ba ya rage imanin kowa. Yana nuna girman canjin da aka yi.

Na ɗauki motar haya zuwa Altuna, yamma da Uppsala, ƙasa da awa ɗaya, domin bas ɗin wurin ba shi da yawa. Dutsen yana tsaye a gefen coci, ya fi mutum tsawo, na ƙarni na 11. A kunkuntar fuskarsa ake dubawa, ƙasa-ƙasa: mutum a kwalekwale, guduma a hannu ɗaya, igiya a ɗayan, kan sa a matsayin koto, maciji ya naɗe a ƙasa, ƙafar mutumin kuma ta fasa gindin kwalekwalen ta fito. Tor ne yake fatsar macijin da ya zagaye duniya. A rubutaccen labarin, ƙaton da ya raka shi, Hymir, ya tsorata ya yanke igiyar. Wannan ƙafa da ta fasa katako tana cikin abin da aka rubuta a Aisland bayan shekara 150, nisan teku guda. Hujja ce cewa marubutan baya ba ƙirƙira suka yi ba, ko da sun gyara.

Jirgin sama daga Arlanda zuwa Keflavik awa uku da 'yan mintoci. Ba binciken fasfo. Bas zuwa Reykjavik minti 45 cikin baƙin dutsen aman wuta, ba bishiya ko ɗaya, a kan kimanin kurona 4,000. Tsadar Aisland ta wuce ta sauran biyun: kwanon miyar rago da burodi ya kusa kurona 3,000. Masauki mai ɗakin girki da sayayya a kanti shi ne mafita. Tsiren burodin da suke alfahari da shi akwai alade a haɗinsa. Ruwan zafi na famfo yana warin ƙibiritu domin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Na sanyin kuwa ba a sayen wanda ya fi shi. Ba sanyin ne matsala ba, iska ce mai ɗauke da yayyafi a kwance; lema ba ta aiki, sai riga mai hana ruwa da hula. A ƙasan babban cocin gari akwai unguwar da titunanta ke ɗauke da sunayen Odin, Tor, Freya, Baldur, Tyr, Njord, har da Loki, amma sunayen zamani ne.

A gidan tarihi na ƙasa ga gunkin Eyrarland, na tagulla, santimita 6.7, na wajen shekarar 1000: mai gemu zaune a kujera, riƙe da wani abu a gwiwoyinsa wanda ya yi kama da guduma ya kuma yi kama da gicciye a kife. Yawanci Tor ake cewa, wasu na cewa Almasihu ne. Aisland ƙasar manoma ce da suka bar sarakuna a baya, kuma a nan ne maganar ta fito fili: a littafin da ya lissafa mutanen farko da suka zauna a tsibirin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sunansu na ɗauke da Tor, gonaki da duwatsu masu sunan Tor da Frey suna nan, na Odin kuwa kusan babu. Tor ne ke tsare mutane daga ƙattai, da gudumarsa ake tsarkake amarya da gawa.

Tsallaken titi, a harabar jami'a, akwai sabon ginin da ake ajiye tsofaffin littattafai. Mafi daraja shi ne kundin Edda, na tsofaffin waƙoƙin alloli da jarumai, wanda aka rubuta wajen 1270 a fatar maraƙi: ganye 45, takwas sun ɓace daga tsakiya. Ƙarami ne, ya yi baƙi da hayaƙi da hannu. An kai shi Denmak a 1662, aka dawo da shi a jirgin ruwan soja a 1971 domin ba a yarda a sa shi a jirgin sama ba. Ana juya littattafan da ake nunawa saboda haske na lalata su, don haka a bincika abin da ke waje kafin a je. A waƙar farko ta kundin ne aka ba da farkon duniya da ƙarshenta, da mutuwar Baldur. Frigg ta karɓi rantsuwar komai cewa ba zai cuce shi ba, ta raina kauci ta tsallake shi. Loki ya gano, ya ba makaho Höd, ya saita masa hannu. Kauci ba ya fitowa a Aisland, shi ya sa mawaƙin ya siffanta shi kamar wani siririn tsiro mai tsawo a fili. Da alama labarin daga wata ƙasa ya zo. Daga mutuwar Baldur sai gangara zuwa Ragnarök, yaƙin ƙarshe: Heimdal mai gadin alloli ya busa ƙaho, Fenrir ya haɗiye Odin, Tor ya kashe macijin ya yi taku tara ya faɗi da dafinsa. Alloli ne da masu bauta musu suka san za su mutu.

Sauran wurare biyu sai da mota. Fitila a kunne dare da rana, gudu kilomita 90 a kwalta, 80 a tsakuwa, kuma a riƙe ƙofa da hannu biyu in za a buɗe, domin iska na fizge ta kuma inshora ba ta biya. Thingvellir kilomita 45 ne daga birni, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Tsagin dutse ne mai tsawo inda majalisar ƙasar ta fara zama a 930. A nan, a shekarar 999 ko 1000, Kirista da masu tsohon addini suka kusa raba ƙasa biyu. Aka miƙa hukunci ga mai faɗin doka, wato shugaban majalisar, Thorgeir, wanda shi kansa mai tsohon addini ne. Ya lulluɓa da mayafi yini da dare bai yi magana ba, ya tashi ya ce in doka ta rabu zaman lafiya ya rabu, kowa ya karɓi Kiristanci. Ya bar abu uku: cin naman doki, yar da jarirai, da yanka a ɓoye. Bayan 'yan shekaru aka soke su.

Reykholt ya fi nisa, kilomita ɗari da 'yan kai a arewa, ta ramin da ya ratsa ƙarƙashin teku kusan kilomita shida. Gidan Snorri Sturluson ne, attajiri, ɗan siyasa, wanda ya riƙe muƙamin mai faɗin doka sau biyu. Wurin wankansa yana nan, zagayayye, an jera shi da dutse, ruwan zafi na shigowa ta magudana daga maɓuɓɓuga, da 'yar ƙofar ramin da ke kaiwa cikin gida. A cikin gidan nan aka kashe shi a daren 23 ga Satumba 1241, bisa umarnin sarkin Norwe. Wajen 1220 ya rubuta tasa Edda, shekara 220 bayan hukuncin Thorgeir, kuma Kirista ne. Manufarsa koya wa matasan mawaƙa ma'anar tsofaffin kirari, waɗanda ba a fahimtarsu sai da labaran alloli. Don ya kare kansa ya fara da cewa allolin nan mutane ne da suka yi ƙaura daga Asiya aka ɗauke su abin bauta. Shi ya jera su gida-gida, ya ɗora Odin a sama a matsayin uban kowa, kuma tsarinsa ne ya shiga littattafan makaranta. Mawaƙi ne yana rubuta wa mawaƙa, Odin kuwa nasu ne.

A Reykjavik akwai ƙungiyar da ta farfaɗo da tsohon addinin, Ásatrúarfélagið, an kafa ta a 1972, hukuma ta amince da ita a 1973, mambobinta sun haura 5,000. Suna ɗaura aure, suna raɗa suna, ba sa yanka dabba, kuma sun fara gina ɗakin taronsu a tudun Öskjuhlíð a 2015. Ba nisa daga nan akwai masallaci, inda na yi sallar Juma'a kafin na kama hanyar Keflavik. Jiragen Turai da sassafe suke tashi, bas ɗin farko kuma cikin dare yake barin gari, sai an yi rajistar kujera tun jiya. Na bi ta Kofenhagen da Istanbul na sauka Abuja, inda aka nemi katin rigakafin shawara kafin a duba fasfo.